Ranar da Baba Alidu Ya Goya Mazaɓar Cankakara

Jama'a, in kun ga rubutun yau ya karkace, ku yi mini afuwa. Da hannu ɗaya nake yinsa, ɗayan yana dafe da ƙugu. Jiya Talata, ranar da kowa a ƙasarmu ta Gwalkwas ya sa rigar Sallarsa ya fita jefa ƙuri'a, ni ɗan uwanku a cikin kogi na wuni, ruwa iya ƙirji, limami guda a wuyana yana ta jan salati. Hulata ta bi ruwa. Takalmina na hagu ya bi hular, wataƙila don ya komo da ita. Har yanzu ban ga ko ɗaya ba.

Maƙwabcina ne ya jawo mini, Baba Alidu dillalin shanu, wanda katanga ɗaya ta raba mu a nan Zango. Ko ba ku san sunansa ba kun san shi: dogon dattijon nan mai agogon aljihu, wanda in ya dafa bayan bijimi sau ɗaya zai gaya maka shekarunsa da abin da ya ci jiya. Ran Litinin da la'asar ya leƙo zaurena, ko zama bai yi ba.

"Alfa Ramalan, gobe za ka raka ni ƙauye."

"Baba, gobe fa zaɓe."

"Shi ya sa. Kai kana karanta boko. Ka duba mana sunayenmu a takardarsu, kada su raina mana hankali. Kafin azahar mun dawo ka jefa taka."

Na ce to. Ni dai bakina ya saba cewa to kafin ya shawarci kaina.

Amma ba za ku gane yadda limami ya hau wuyana ba sai na ba ku tarihin mazaɓar da muka nufa. Kada ku tsorata, ba dogo ba ne, don ita ma ba ta yi tsawon rai ba.

Arewa da Kumasi, kan hanyar da shanu ke bi su sauko, akwai wani kogi da Asantawa ke ce wa Twen Kakra, wato jira kaɗan. Mu bakinmu ya mai da shi Cankakara. Da rani akuya tana tsallake shi ba ta jiƙa gemu ba. Da damina kuwa sai ka shimfiɗa buzu a bakinsa ka yi sallar azahar da la'asar da magariba kana jiran ya sauka. A ƙetarensa akwai ɗan zangonmu, Zangon Tsallake, gida ashirin da wani abu, masu goro da mahauta da masu tuya. Can aka haifi Baba Alidu, can yake da gida har yau, can kuma yayarsa Zaratu take, wadda ita ce magajiyar matan garin, kuma in gaskiya za a faɗa, ta mazan ma. Ƙauyukan da ke gefe da gefen kogin nan aka haɗa aka ce mazaɓa ce, aka ba ta wani dogon suna na takarda. Mu dai Cankakara muke ce mata.

A zaɓen farko, shekara uku da 'yan watanni ke nan, ku tuna mutanen ƙauye ba su jefa ƙuri'a da hannunsu ba. Manya sun duba sun ga hannun baƙauye bai nuna ba tukuna. Sai aka ce kowane gari ya fid da mutum ɗaya, waɗannan su taru a hedikwata su zaɓi wanda zai tafi majalisa can Ankara bakin teku. Mutanen Tsallake suka taru ƙofar masallaci suka fid da Alidu, saboda dalili biyu masu ƙarfi: yana da babbar riga mai aska takwas, kuma yana da agogo.

Kwana biyu ya yi a hedikwata, kuma har yau in yana ba da labarin sai ya haɗiyi miyau. 'Yan takara biyu ne, kowa da tukunyarsa. Wannan ya yanka rago da safe, wancan ya yanka biyu da rana. Alidu, da yake mutum ne mai adalci, bai nuna wa ko ɗaya bambanci ba. A daren ƙarshe sai ɗayansu, wanda zan kira Mai Girma Sarkin Gobe, Allah ya ja zamaninsa, ya kama hannun Alidu da hannu biyu ya ce, "Opanyin, dattijon arziki, me garinku yake so?" Alidu ya ce gada. Sarkin Gobe ya yi dariya, ya ce gada kawai? Ya ce kafin ruwan baɗi, lori zai ƙetare Cankakara direba bai ma san ya wuce kogi ba.

Sarkin Gobe ya ci zaɓe. Alidu ya komo Tsallake ciki ya tasa, ya tsaya ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, ya buɗe agogo ya rufe, ya ce, "Jama'a, na samo muku gada." Wani ya ce in ba ta zo ba fa? Nan ne Shaiɗan ya ari bakinsa. Ya daki ƙirji ya ce, "In zaɓe ya sake zagayowa babu gada a kogin nan, ni Alidu zan goya ku ɗaya bayan ɗaya in ƙetarar da ku. Ku shaida."

Zaratu tana daga bayan mata, tana ƙulla goro a ganye. Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Mun shaida."

To, kada a ce ban yaba ba. Sarkin Gobe ya yi aiki. Wata shida da hawansa aka kawo dutse, wani fari mai rubutu, aka kafa shi a bakin kogi ta ɓangarenmu. An ɗauko masu badujala tun daga Kumasi, an yi jawabi harshe uku, an yi tafi. Bayan dutsen sai ga buhunan siminti lori guda. Suka kwana bakwai a bakin ruwa suna shan iska, ran na takwas lorin da ya kawo su ya dawo ya kwashe su. An ce wai wurin bai karɓe su ba. Ni ban ce komai ba, amma a shekarar ne wani bene ya tsiro a wani gari, ba shuka ba ban ruwa. Dutsen dai yana nan daram, kuma yana da amfani, don mahauta sun ce ba su taɓa samun abin wasa wuƙa kamarsa ba.

Da aka shekara biyu sai Sarkin Gobe ya ajiye kujera ya tafi Ingila, wai zai koyo yadda ake gina gada. Allah ya ba da sa'a. Aka yi zaɓen cike gurbi, aka sake tura Alidu hedikwata, ya sake yin adalci tsakanin tukwane. Wannan karon Mai Girma Galadiman Awo ne ya ci. Shi ba mai yawan magana ba ne, mai ilimi ne. Ya ce ba a gina abu sai an auna. Ya zo da mota uku cike da masu awo, da igiyoyi da sanduna masu ja da fari da wani madubi mai ƙafa uku. Sai dai a tsakiyar rani suka zo. Suka auna kogin tsaye, suka auna shi kwance, ɗayansu ya tsallake shi da taku ɗaya ya dawo, suka ci abinci, suka rubuta cewa wannan ruwa bai kai a yi masa gada ba, duk mai lafiya zai iya tsallakewa.

Daminar da ta biyo, kogin da bai kai ba ya cinye wa Alidu shanu bakwai a gaban idonsa. Wannan ya haɗiye. Abin da bai haɗiyu ba shi ne na Mamuna, 'yar Zaratu. Naƙuda ta zo mata da gardama, aka ɗauko ta a makara za a kai ta asibiti, lori yana tsaye a wannan gaɓar, su suna waccan, ruwa ya cika ya batse ba mai shiga. A bakin kogin ta haihu, cikin ruwan sama, mata sun kewaye ta da zannuwa. Allah ya raya uwa da ɗiya. Amma tun ran nan Zaratu ta daina kiran ƙanenta da sunansa. In ya je gaishe ta sai ta ce, "Sannu da zuwa, Wakili." Ya gaya mini da bakinsa gara ta zage shi.

Wannan shi ne tarihin. Yanzu sai jiya.

Mun fita bayan asuba. A tasha babu lori, duk jam'iyyu sun haye su suna yawo da lasifika suna gaya mana irin son da suke yi mana. Da ƙyar muka sami wani mai ɗaukar doya, muka zauna kan buhuna. Bana an ce hannun baƙauye ya nuna, kowane baligi zai jefa tasa da kansa, kuma Alidu ya ji cewa akwatin yana makarantar mishan da ke wannan gaɓar, inda aka saba taruwa. Duk hanya sai buɗe agogo yake yana rufewa.

Da hantsi muka isa. Cankakara ya yi kwana uku yana shan ruwan sama, ya yi jajir yana tafe yana gurnani. A can ƙetare kuwa ga mutanen Tsallake, mutum arba'in da uku, kowa ya ci ado kamar za shi ɗaurin aure, suna zaune a jere kan tabarmi. Zaratu tana gaba kan kujerarta 'yar tsuguno.

Na tambayi wani mai sayar da gasasshiyar ayaba, ina kwalekwalen da ke nan? Ya ce ai wata jam'iyya ta shafa masa fentinta ran Asabar, sai ɗaya jam'iyyar ta zo ran Lahadi ta fasa masa ciki. Ya nuna mini hancinsa yana leƙowa daga ruwa, fentin kuwa ya yi kyau.

Sai muryar Zaratu ta ƙetaro, ta fi kogin ƙara.

"Wakili! Ga zaɓe ya zagayo. Ina gadar?"

Alidu ya buɗe agogo ya rufe.

"To ga mu. Wa za ka fara da shi?"

Na kama hannun rigarsa na ce, "Baba, shekararka sittin da ɗoriya. Wasa take yi."

Ya ce, "Alfa, ni na sha nonon da ta bari. Ba ta wasa."

Ya tuɓe babbar riga ya ninke, ya ɗora agogo a kai, ya miƙa wa mai ayaba. Ya ɗaure wando a ƙugu, ya yi bisimilla, ya shiga. Ni kuma na jingina da wata bishiya kusa da dutsen nan ina kallo, ina cewa a raina ai ni karatu aka ɗauko ni.

Samari da magidanta masu ƙarfi suka ce su sun yafe, suka ɗora kayansu a ka suka faɗa ruwa da kansu. Amma tsofaffi da mata ba wanda ya motsa. Zaratu ta tashi, ta gyara ɗaurin ƙirji, ta hau. Jama'a, Zaratu ba ƙaramar mace ba ce. Shekara talatin tana tuya tana ɗanɗanawa. Da ta zauna sai na ga Alidu ya ragu da taƙi guda. Suka taho, ruwa yana dukansa a haƙarƙari, ita kuwa ta kama kunnuwansa biyu kamar linzami, tana yi masa karatu tun daga sama: ragon da ya ci, dutsen, simintin, sandunan nan masu ja da fari. A tsakiya ya yi tangaɗi, duk gaɓa biyu aka sa salati. Ta ce, "Kada ka kuskura ka kayar da ni, zanen nan sabo ne." Ya sauke ta a tudu, ko yatsanta bai jiƙe ba. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Saura goma sha shida."

A na huɗu ne idonta ya faɗo kaina.

"Wannan mai farar hular, wane ne?"

"Maƙwabcina ne, Yaya. Mai karatu."

"Mai karatu ba shi da wuya? Ga liman can yana jira."

Haka na sami kaina a cikin Cankakara. Limamin Tsallake siriri ne kamar sanda, na ce alhamdu lillahi. Ban san cewa tsoron ruwa yana ƙara wa mutum nauyi ba. Ya naɗe ƙafafunsa a wuyana, ya rufe mini ido da hannu biyu, yana jan salati da ƙarfi. Na ce, "Liman, ba na gani!" Ya ce, "Ni ma na rufe nawa, ɗana, ka dogara ga Allah." Taku uku muka nutse tare. Da muka ɓullo shi yana riƙe da carbinsa, ni kuwa hula ta yi gaba.

Alidu ya goya mutum goma sha ɗaya. Ta ƙarshe Mamuna ce, da 'yar nan tata a baya. Ina kusa, na ji ta ce, "Kawu, don Allah ka bari. Ni na yafe tun tuni. Ƙafafunka rawa suke yi." Ya ce, "Ke ce ma dalilin zuwana. Hau." Ya taho da su a hankali, yana laluben ƙasa da ƙafa kafin kowane taku, 'yar tana ta ƙyalƙyala dariya tana dukan ruwa da tafin hannu. Wannan karon ba wanda ya yi ihu. Da ya sauke su sai ya zauna kan dutsen Sarkin Gobe, yana numfashi kamar bijimin da ya sha tafiya daga Salaga. Zaratu ta zuba masa ido.

Muka ɗunguma zuwa makarantar, muna ɗiga, mutum arba'in da biyar har da mu. A bakin ƙofa ga akawu da teburinsa da littafi, da ɗan sanda yana gyangyaɗi. Na matsa gaba, don dai a san ba a banza aka ɗauko ni ba, na ce mutanen Zangon Tsallake ne. Akawu ya lashi yatsa ya buɗe shafi, ya buɗe wani, ya koma farko. Hausarsa irin ta kasuwa ce, amma ta isar da saƙo.

"Papa, sunanku ba ta nan."

"Duba dai da kyau. Mazaɓar Cankakara."

"Ei! Wannan ta mutu tun bara."

Zaratu ta ce, "Wa ya mutu?"

Akawu ya yi mana bayani, kuma wallahi da ladabi. Wai manya sun zauna a Ankara da taswira da jan alƙalami, sun ga mazaɓun sun yi girma, sun yayyanka su. Da suka zo kan tamu sai suka ga wani shuɗin zare ya ratsa ta tsakiya, suka ce madalla, ga iyaka Allah ya riga ya ja. Wannan gaɓar ta zama mazaɓa ɗaya, waccan ta zama wata. Mutanen Tsallake 'yan waccan ne. Akwatinsu yana wani ƙauye mil shida bayan garinsu, ba sai sun taɓa ruwa ba.

Alidu ya ce, "Me ya sa ba a gaya mana ba?"

"An gaya, Papa. An buga takarda, an manna a itace kusa da dutse. Wata uku ke nan."

Duk suka juyo suka dube ni. Bishiyar da na jingina da ita tun hantsi ke nan. Na ce ai da Turanci ne. Zaratu ta ce, "Kai da me aka ɗauko ka?" Na ce ai bayana ne ya jingina, kuma bayana bai yi makaranta ba.

Alidu ya sake matsawa. "To gadar fa? Wa za mu tambaya yanzu?"

Akawu ya sosa kai da alƙalami. Ya ce a yadda ya fahimta, iyakar tana tsakiyar ruwa daidai. Rabin gada na wakilin nan ne, rabi na wakilin can. In jam'iyyarsu ɗaya, wataƙila su haɗu a tsakiya. In ba ɗaya ba, to, kowa ya san inda nasa ya tsaya.

Sai Zaratu ta fara. Da farko kafaɗunta ne suka motsa, sannan ta saki wata irin dariya da ta ta da ɗan sandan nan ya ƙame ya sara wa iska. Ta zauna daɓas a ƙasa, sabon zanen da komai, tana dukan cinya. Mata suka kama, tsofaffi suka kama, liman yana dariya yana istigfari. Wani mahauci ya ce, "Liman, a yi wa marigayiya addu'a mana. Shekara uku a duniya, zaɓe biyu, wakili biyu, ta bar dutse ɗaya." Liman ya ce shi ba a koya masa sallar takarda ba. Alidu kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya dubi agogon akawu ya ce, "Ƙarfe ɗaya ta wuce. Ni dai bayana ya ƙare. Wa zai mai da su?"

Muka koma bakin kogi jiki a sanyaye. Muna isa sai ga wata baƙar mota tana sheƙi ta tsaya, ta yi hon sau uku, kamar kogin zai ba ta hanya. Wani mutum ya fito, ya yafa zanen kente mai tsada, ga farin takalmi ƙal. Wannan shi ne Mai Girma Turakin Farin Takalmi, ɗan takarar mazaɓar ƙetare, alamarsa laima. A Kumasi yake zaune, kuma da rani ya yi yawon neman ƙuri'arsa, shi ya sa ya tsaya yana kallon ruwan kamar an kawo shi jiya. Lorinsa, wanda ya zagayo ta doguwar hanyar Arewa tun shekaranjiya, yana can gaɓar yana jiransa. Yaransa uku, ƙarti, suka zo suka tambaye mu su wane ne. Da suka ji, ɗayansu ya ruga ya raɗa masa a kunne. Na ga leɓen Turaki yana motsi: arba'in da uku. Takarar tasu kuwa an ce kai da kai ce.

Nan take ya buɗe hannuwa. "Iyayena! Maame, uwata! Ku nake nema tun safe. Ga lori can, kyauta, har bakin akwati. Kuma in Allah ya ba ni, wannan kogin..."

Zaratu ta ɗaga hannu. "Tsaya nan, ɗana. Alkawari muna da shi har biyu a gida, ko ɓare su ba mu yi ba. Ka ga dattijon can? Ƙanena ne. Shi ya goyo mu. Yaranka su ɗauki tsofaffi. Kai kuma ka ɗauke shi."

Turaki ya dubi Alidu, ya dubi ruwa, ya dubi takalminsa. Ya yi wata 'yar dariya yana jiran wani ya taya shi. Ba wanda ya taya. Zaratu ta zauna kan dutse ta ɓare goro. Ta ce, "Mu ba ma sauri. Sunan kogin ma jira kaɗan."

Jama'a, na ga abubuwa a Zangon nan, amma ban taɓa ganin an cire farin takalmi da irin wannan sauri ba. Ya naɗe kente a ƙugu, ya durƙusa. Baba Alidu ya sa babbar rigarsa tukuna, ya gyara hula, ya rataya agogo, sannan ya hau a natse kamar mai hawa dokin aro. Suka shiga. Ni ina biye da su da liman, wanda ya ce shi ya saba da ni, ba ya son canji.

Da suka kai tsakiya, inda ruwa ya fi ƙarfi, sai Alidu ya dafa kan Turaki ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan tsaya."

"A nan?"

"A nan. An ce nan ne iyaka. Ina so ka auna mana, don waɗanda suka auna da, da rani suka zo. Ya kai ina?"

"Ya kai wuya, Papa!"

"Mai lafiya zai tsallake?"

"Ba zai tsallake ba! Papa, na rantse da..."

Alidu ya toshe masa baki da tafin hannu. "Kul. Kada ka rantse, ɗana. Ni rantsuwa na yi, ka ga inda ta kawo ni. Ka dai tuna da sanyin. Mu je."

Muka isa ƙauyen akwati saura kaɗan a rufe, a lorin Turaki, shi yana gaba yana atishawa. Sunaye kuwa suna nan, arba'in da huɗu cif har da na Alidu, na karanta su da babbar murya don in wanke kaina. Aka riƙa ba kowa takardarsa yana shiga bayan labule, inda aka jera akwati uku, kowanne da alamar mai shi: laima, fitila, da kifi. Turaki yana tsaye daga nesa yana yi wa kowa murmushi, haƙoransa suna kaɗawa.

Da Zaratu ta fito na matsa na ce, "Magajiya, laima dai ko?"

Ta ce, "Kifi."

"Kifi! Mutumin da ko ganinsa ba ki taɓa yi ba?"

"Duk cikinsu shi kaɗai ne na tabbata ya san ruwa."

Alidu kuwa ya daɗe bayan labule, har akawun can ya leƙa ko lafiya. Da ya fito na tambaye shi, ya ce shekara uku yana zaɓar wa mutane da baki a buɗe, wannan tasa ce shi kaɗai, ko ni ba zai gaya wa ba.

A Tsallake muka sauka, don ba mai sake shiga ruwan nan ranar. Kafin magariba Zaratu ta sa aka dafa ruwa, ta kwantar da ƙanenta rub da ciki kan tabarma a tsakar gida, ta ɗebo man kaɗanya tana murza masa baya da hannun nan nata na tuya, yana ihu tana ce masa rago. Can sai na ji ta ce, "Alidu, juya ɗaya gefen." Bai juya ba. Ta ce, "Ba ka ji ba ne?" Ya ce, "Na ji, Yaya. Sake faɗa dai." Ta ɗaka masa duka a kafaɗa, ta ce a kawo masa tuwo.

Yau da hantsi ruwa ya sauka iya gwiwa, na ƙetaro da ƙafata, takalmi ɗaya a hannu. Har na iso Kumasi ina jin haushin kaina, ga shi an yi zaɓen da aka ce na tarihi ne, ni mai rubuta wa mutane su fita ban jefa ba. Ina shiga gida uwargida Barakatu ta tare ni da fara'a, ta ce in kwantar da hankalina. Wai jiya da yamma wani mutumin kirki mai lasifika ya zo har ƙofa ya bar mini godiya, ya ce ƙuri'ata ta shiga tun da hantsi, kuma ta shiga inda ya dace.

To, alhamdu lillahi, ƙasa ta ci gaba. Bawan Allah da ya ɗauke mini wannan wahala, in kana karanta wannan, na gode ƙwarai. Sai dai ka daure ka leƙo zaure ka gaya mini wa na zaɓa, don in san wanda zan fara zagi.